Abun da shekara shida na koci ta koya min

Ranar Juma'a na miƙa ma sakatare usur da makullin sito, toh tunda an fara yaɗa cewa wai kora ta akai bari in faɗi nawa.

Duk mai zuwa fili a Gombe ya san zancen fainal ɗin bara. Saura kwana huɗu a buga Alhaji mai kulob ya kira ni gidansa bayan isha'i yace ba za mu buga ba, wai wanda ya sa kofin ya sauya sheƙa zuwa ɗaya jam'iyyar kuma shi yaransa ba za su karɓi kofi daga hannun maci amana ba. Nace ranka ya daɗe yaran nan wata uku suna tirenin tun asuba. Yace koci wa ke siyan takalma da jesi? Nai shiru.

Da shirun na tsaya da sauƙi. Washegari na tara yara a gindin dalbejiya na zuba musu lacca, ni ga mai tarihi, nace a 1976 ƙasashen Afirka sama da 20 har da Najeriya sun kwashe kayansu daga Olamfik ɗin Montreal bayan sun riga sun sauka a garin, saboda 'yan rugbi na New Zealand sun je wasa Afirka ta Kudu makonni kaɗan bayan an bindige ɗalibai a Soweto, nace mutunci ya fi kofi. Wallahi har tafi wasu sukai min. Mai lamba tara ɗinmu dai kansa na ƙasa yana tsinkar zaren safa.

Da aka watse Baba mai zuba farar ƙasa a layin fili ya matso yace "Koci, wannan ai 96 ce kake kira 76." Ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

Na gane sarai. A 1996 Abacha ya hana Super Eagles zuwa kofin Afirka a Afirka ta Kudu dan ya ji haushin Mandela da ya soke shi kan rataye Ken Saro-Wiwa, alhali mu ke riƙe da kofin tun 1994 a Tunisiya, hukumar ƙwallon Afirka CAF kuma ta ƙara mana da haramcin 1998. Shi yana nan zaune a Aso Rock ko gezau, su Okocha da Amokachi ne sukai asarar gasa biyu lokacin da ƙafarsu ke kan ganiya. Ita wariyar Afirka ta Kudu ai cikin wasan kanta take, launin fata ke raba wa zai buga da wa, shi yasa hana su Olamfik daga 1964 har 1992 ban ga zalunci a ciki ba. Amma Olamfik ɗin Moscow 1980 fa? Amurka ta ja ƙasashe kusan 60 suka ƙi zuwa saboda mamayar Afganistan, sojan Sobiyet basu bar Afganistan ba sai 1989, su ma suka rama a Los Angeles 1984, an tashi kunnen doki, 'yan wasa ne suka tsufa a gida.

Ni yanzu in akace a ƙaurace tambaya ɗaya nake, shi mai ba da umarnin me zai rasa?

Sauran darussan ƙanana ne. Kar ka karɓi alawus da baki, a rubuta. Kar ka sa yaro dan ubansa ya kira waya. In kai ba ka yarda da magana ba kar ka ɗauko tarihi ka yi mata kwalliya, a bar mai ita ya zo fili ya faɗa da bakinsa.

Mai lamba taran nan shekarunsa sun wuce gasar, achaba yake yi yanzu, rannan ya ɗauko ni daga Jekadafari zuwa Pantami ya ƙi karɓar kuɗi, har yanzu koci yake ce min. Alhaji da mutumin nasa kuwa sun shirya tun kafin azumi, na ga hotonsu a Facebook hula iri ɗaya suna dariya.