Ranar haihuwar fayil

Shagonmu na Gawon Nama, a Sakkwato, ba babba ba ne, ni ne da yara biyu masu koyon aiki. Muna gyaran kwamfuta, muna sa manhaja, muna kuma kula da na'urorin wasu kantunan magani da makarantu daga Mabera zuwa Arkilla. Mutane sun ɗauka canza allo da madannai ne kawai sana'armu. Abin da ya fi cin lokacina kuwa fayilolin log ne, wato ɗan kundin da manhaja ke rubuta duk abin da ta yi: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me aka sayar, a ina ta yi tuntuɓe.

Wani Alhaji mai kantin magani ya kira ni bayan la'asar. Lissafinsa ya ƙi daidaita, yana son sanin ranar da abin ya fara. Na tura yaro ya kwaso foldar a filashi. Da na buɗe sai ga fayiloli tuli: log, log1, log2, log sabo, log sabo na gaskiya. Wanda ya raɗa wannan na ƙarshen ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa.

Irin wannan ba aikin hannu ba ne. Na rubuta ɗan sikirif, wato jerin umarni ga kwamfuta, a PowerShell na Windows, layi kaɗan: Get-ChildItem ya tattaro fayilolin, a karanta ranar da aka ƙirƙiri kowanne, Rename-Item ya ba shi sabon suna. Kullum shekara nake sawa gaba, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-09, tsarin ISO 8601 ke nan. Da shi fayiloli kan jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo, kuma babu gardamar ko Maris ake nufi ko Satumba, tunda mu da rana muke farawa, Amurkawa da wata. Nakan ƙara awa da minti da daƙiƙa, amma ban da ɗigo biyun nan na agogo, Windows ba ya karɓarsu a sunan fayil. Tsohon sunan kuma ina barinsa a wutsiya, don kada biyu su yi karo.

Kafin na saki sikirif nakan liƙa masa -WhatIf, ya nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Shi ya cece ni ranar. Duka fayilolin rana ɗaya suka nuna, ranar da muke ciki.

"Maigida, mi yaf faru?" in ji yaron.

Na ce masa ba laifinsa ba ne. A Windows, idan ka kwafi fayil zuwa wani wuri, sabuwar haihuwa ce a wurin kwamfuta: ranar ƙirƙira ta koma ranar kwafi, ranar gyaran ƙarshe ce ke bin sa yadda take. Shi ya sa za ka ga fayil da aka gyara tun kafin a haife shi.

Muka hau kabu-kabu muka tafi kantin, mu yi aikin a kan ainihin injin. Can ma ba mu tsira ba. NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi, na da wata ɗabi'a: in aka goge fayil ko aka sauya masa suna, aka kuma ƙirƙiri wani da sunan nan cikin daƙiƙa 15, sabon yakan gaji ranar tsohon. Manhajar Alhaji haka take yi kowane dare, don haka log na jiya yana iƙirarin shekarun kakansa. Ga kuma batirin CR2032, mai kamar kwabo, da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu. Duk sa'ar da aka ɗauke wuta kafin a tada janareta, agogo ya koma shekarun baya har sai intanet ta dawo ta gyara shi.

Masu Linux, kishiyar Windows, ma kada su yi mana dariya. Da yawa suna ɗaukar ctime a matsayin ranar ƙirƙira, alhali lokacin da bayanan fayil suka canza ne, sauya suna kansa yana motsa shi.

Daga ƙarshe na daina tambayar Windows. Na sa sikirif ya buɗe kowane fayil ya karanta kwanan watan da ke layin farko, in bai samu ba ya ɗauki ranar gyaran ƙarshe. Na ranakun da agogo ya ruɗe muka ware su gefe, muka bi su da rasit ɗaya bayan ɗaya. Na yau kuma ba mu taɓa shi ba, manhaja na riƙe da shi.

Ana kiran isha'i muka gano ranar: injin ya mutu ana tsakiyar shigar da kaya, aka sake shigar da su sau biyu.

"Malam, wanga ɗan batir duk shi ya jawo wahalar ga?" in ji Alhaji, yana juya tsohon a tafin hannunsa.

Na ce rabi dai, Alhaji. Na sa masa sabo, kuɗinsa bai kai na kabu-kabun da ya kawo mu ba.