Injin daddatsa itace na bayan tarakta: abin da aiki ya koyar kafin a tura kuɗi waje

Yawancin masu son shigo da injin daddatsa itace, wanda ake ɗaura wa tarakta, tambayarsu ta farko ita ce inci nawa yake ci. A ƙasar Kebbi wannan tambaya kusan ita ce ta ƙarshe a muhimmanci. Reshe mai kaurin cinyar mutum ba wanda zai niƙa shi a Jega ko Argungu, domin masu tuya, masu gasa burodi da mata masu turara shinkafa suna jiransa da kuɗi a hannu. Abin da zai shiga bakin injin shi ne ragowar: rassan dogon yaro da aka sassabe, sauran mangwaro bayan an yi masa aski, sabara da kalgo na sharar gona, da ƙayar bagaruwa. Dukkansu sirara ne, karkatattu, masu ƙota da yawa. Irin wannan kaya faɗin baki yake nema, da abin da zai ja shi ciki da ƙarfi. Wanda ya fahimci haka tun farko ya huta da rabin kuskuren.

Injin iri biyu ne ta fuskar yadda itace ke shiga. Akwai wanda bakinsa ke kallon sama, nauyin reshe da jan wuƙa su ke kai shi ciki. Yana da araha, ba shi da kayan lalacewa da yawa, kuma yana aiki sosai da miƙaƙƙen itace irin turare. Amma a ba shi bagaruwa a gani: sai an sassare kowace ƙota da adda kafin ta shiga, reshen yana fizga yana dukan hannu, ƙaya tana kama riga. Na biyun yana da rola mai haƙora, ɗaya ko biyu, wadda man haidiro ke juyawa. Ita ke danne ƙotocin ta tura su ga wuƙa a hankali, kuma tana da sanda a bakin injin wadda ake turawa ta tsaya ko ta koma baya. Ya fi tsada ƙwarai. Duk da haka, ga mai lambu babba ko mai niyyar yin haya, shi ne zaɓi. A duba ma'aunin ƙofar ciki, ba na babban mazurarin waje ba. Ƙofa mai inci 6 a tsaye da inci 10 ko 12 a kwance ta fi mai inci 8 ko'ina amfani a irin itacenmu.

Sai a tambayi mai sayarwa daga ina rolar ke samun mai. Wasu injunan suna zuwa da famfonsu da tankinsu. Wasu kuma sai an jona su da bututun haidiro na bayan tarakta, kuma tsofaffin taraktocin da ke yawo a hannun 'yan haya da yawa ba su da wannan mahaɗa, ko an toshe ta tun da daɗewa. Inji ya iso Birnin Kebbi, faifan wuƙaƙe yana juyawa, rola tana tsaye kamar gunki. Mai tankinsa shi ya fi kwanciyar hankali. Sai dai tankin da aka yi don ƙasar sanyi ƙarami ne, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 mai yakan yi ruwa-ruwa, rola ta rasa ƙarfi bayan awa biyu. Mai lamba 68 ya fi 46 jure wannan zafi, in takardar injin ta yarda da shi.

Tarakta kuwa a je a auna ta, kada a dogara da abin da direba ya faɗa da baki. Sandar PTO, wadda ke juyawa a bayanta, iri biyu aka fi samu: mai juyi 540 a minti, haƙora 6, kaurin inci 1 da 3/8, da mai juyi 1,000 wadda galibi haƙoranta 21 ne. Kusan duk taraktocin da ke noma a fadamomin Kebbi, irin Massey Ferguson 375 da takwarorinta na Mahindra da New Holland, masu 540 ne. Inji da aka yi wa 1,000 in aka ba shi 540, faifansa ba zai yi gudun da zai cilla sassaƙe waje ba, zai riƙa toshewa. Ƙarfin doki da aka rubuta a jikin tarakta na injinta ne. Abin da ke isa sandar baya bai kai haka ba, a cire kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, tsohuwa mai hayaƙi kuma a cire fiye. Tarakta mai doki 75 tana ɗaukar inji mai inci 6 cikin sauƙi, mai inci 8 ma tana iyawa in lafiyarta ƙalau. Akwai kishiyar matsalar, wadda ba a cika tunawa da ita ba: ƙaramin inji mai inci 4, wanda aka yi wa tarakta mai doki 20 zuwa 45, in aka ɗaura shi a bayan mai 75, ranar da itace ya maƙale tarakta ba za ta mutu ba, injin ne zai karye.

Hannuwan ɗauka na bayan tarakta, inda ake ɗaura injin, su ma suna da aji. Aji na ɗaya fil ɗinsa na ƙasa milimita 22 ne, na biyu 28. Ƙananan injunan Sin yawanci aji na ɗaya ne, taraktocinmu kuma na biyu. Maganin 'yan zobba ne na ƙarfe da ake sakawa a kan fil ɗin, kuɗinsu kaɗan, amma in babu su injin zai yi ta kaɗawa har ramukan su buɗe.

Shaf ɗin da ke haɗa tarakta da inji kullum da tsawonsa yake zuwa, don a yanke shi daidai da taraktar mai shi. A ɗaura injin, a ɗaga shi a sauke har a gano inda tazarar ta fi gajarta, a yanke ɓangarorin biyu daidai da juna, a bar ɗan sarari kamar santimita 3 zuwa 5. Shaf da ya yi tsawo, ranar da aka ɗaga hannuwa zai tokare, ya fasa boris ɗin injin ko ya tura sandar PTO cikin giyar tarakta, gyaran da ya fi kuɗin shaf nesa. Wanda aka gajarta fiye da kima kuma yakan zare yana juyawa. A tabbata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na bututun biyu yana cikin juna a kowane hali, kuma lokacin aiki injin yana zaune a ƙasa, shaf ya kusa miƙewa.

A jikin shaf akwai wani ɗan noti da aka yi shi don ya karye. Nan ne ake yawan yin ɓarna. Noti ya karye sau biyu, sai makanike ya ce na banza ne, ya nemo mai tauri ko ya yanko rodi ya cusa, wani ma ya yi walda. Daga ranar abin da zai karye a madadinsa shi ne giyar tarakta. A sayo irinsa guda ashirin tare da injin, a duba lambar da ke kansa, kada a sa wanda ya fi shi. Wasu shaf ɗin kuloci mai zamewa gare su a maimakon noti, wannan sai an sassauta shi an bar shi ya ɗan zame a farkon kowace kaka, domin tsatsar damina tana manne shi. Faifan injin kuma yana da nauyi, yakan ci gaba da juyawa bayan an cire PTO. A tsohuwar tarakta wadda PTO ɗinta ke haɗe da giya, wannan juyin yana komawa cikin tarakta, don haka a nemi shaf mai kuloci mai tafiya hanya ɗaya.

Zuciyar injin ita ce faifan ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe biyu zuwa huɗu, a bayansa fukafukai masu hura sassaƙe ta bututu. Akwai masu ganga a maimakon faifai, amma a ƙananan injunan tarakta faifai ya fi yawa. A tambayi nauyinsa da kaurinsa. Inji biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya, fenti ɗaya, hoto ɗaya a intanet, faifan ɗaya ya ninka na ɗayan nauyi. Mai nauyi shi ke wuce gaɓar itace ba tare da tarakta ta yi nishi ba. Mai sayarwar da ya ƙi faɗin nauyin faifai da na injin gaba ɗaya, ciniki da shi cinikin biri a sama ne.

Incin da aka rubuta kuwa an gwada shi ne da ɗanyen itace mai laushi na ƙasashen sanyi. Busasshiyar kirya ko marke wani abu ne daban. A rage kashi ɗaya cikin uku, in an bi ta tawa ma kada a sa su sam. Itace a daddatsa shi yana ɗanye, cikin kwanaki kaɗan da sara. Busasshe yana dakushe wuƙa, yana tsalle, yana ba da ƙura. Amma babban maƙiyin wuƙa a nan yashi ne. Reshen da aka ja a ƙasa, ko kututturen sabara da aka tumɓuke da saiwarsa, ko itacen da gara ta lulluɓe da ƙasa, yana iya cinye kaifin da ya kamata ya yi kwana biyu cikin awa guda. Sai waya da ƙusa a jikin bishiyoyin shinge, waɗanda ke ɓalle bakin wuƙa nan take.

Alamar dakushewa ba ta ɓuya: sassaƙe ya koma zare-zare, reshe ya daina shiga da kansa, injin ya fara rawa, gas ya ƙaru. Wuƙaƙen kirki baki biyu gare su, a juya su in ɗaya ya mutu. Wajen wasawa, kada a miƙa wa mai walda ya bi su da giranda. Da zarar bakin ya yi shuɗi taurinsa ya tafi. A kai wa masu wasa wuƙar injin katako, waɗanda ke wasawa da ruwa, a bi kusurwar da suka zo da ita, a wasa saitin gaba ɗaya don nauyinsu ya zo ɗaya. Banbancin nauyi kaɗan a faifan da ke gudu yana cin boris. Bayan an mayar, a daidaita tazarar wuƙa da ƙarfen tsaye da take yanka a kansa, wajen milimita 1, ko abin da takarda ta ce. A juya faifan da hannu a gwada kowace wuƙa, tarakta a kashe. Tazara ta yi yawa, ganyen dogon yaro da ɓawo su wuce ba a yanke ba su toshe bututu. Ta yi kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Saboda haka saiti biyu ko uku na wuƙaƙe, da notocinsu, da ƙarfen tsaye guda, su shigo akwati ɗaya da injin. Boris da bel ba abin damuwa ba ne in masu lambar da aka saba ne, ana samunsu a Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano, sai a nemi lambobin a rubuce kafin a biya. Wuƙa ce babu. Maƙeri zai iya yin mai kama da ita da sifirin mota, amma guntun da ya ɓalle daga faifai harsashi ne.

Maganar shigowa gajera ce. Farashin da ke shafin mai sayarwa yawanci na bakin tasharsu ne. Akwai jirgi, Form M da sauran takardun kwastan, kuɗin ejan a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, sannan mota ta Mokwa, Kwantagora da Yawuri. Inji ɗaya cikin kwantenar haɗaka yakan sha cajin tasha da ba a zata ba, shi ya sa wani lokaci saye a hannun dillalin da ya riga ya shigo da shi ya fi sauƙi, kuma ana ganin kaya da ido. A kwance yake zuwa cikin kejin ƙarfe. Bayan an haɗa, a bi kowane noti da sifana, a sa giris a boris, a cika tanki, a sake bin notocin bayan awa ɗaya ta farko.

Wata tambaya da ya kamata ta zo kafin duk waɗannan: sassaƙen me za a yi da shi? In don abincin dabbobi ne daga karan dawa da masara, wannan ba injinsa ba ne, injin yanka kara ko na niƙa mai guduma ake nema. Ganyen goruba da giginya da kachalla zarensu nannaɗe faifai yake. Masu kaji ma su sani sassaƙen nan ya fi na injin katako kauri da kaifi, 'yan tsaki ba sa jin daɗinsa. Inda yake da amfani sosai shi ne rufe gindin mangwaro, gwaiba da lemo da rani: kaurin santimita 8 zuwa 10, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da jikin bishiya saboda gara da ruɓa. Ban-ruwa yana raguwa a fili. Kada a juya ɗanyensa cikin ƙasa, zai janye sinadarin da ke sa ganye kore, shuka ta yi rawaya. In taki ake so, a gauraya shi da kashin shanu ko na kaji, a jiƙa, a riƙa juyawa har ya yi baƙi.

Ranar aiki a sa PTO tarakta tana silo, a ƙara wuta a hankali har allura ta kai alamar 540, kafin reshe na farko ya shiga. Gindin reshe ake fara sawa, mutum ya tsaya a gefe. Guntaye a tura su da wani dogon reshe. Babbar riga, rawani mai jela da hannun riga mai faɗi ba su da wuri a nan, ƙayar bagaruwa ɗaya ta isa ta kama su. Tabarau da abin toshe kunne dole ne, bututu ya kalli inda babu mutum, yara kuwa, da ba a rasa su wurin sabon inji, a kore su nesa. In ya toshe, a cire PTO, a kashe tarakta, a zare makulli a sa a aljihu, a jira har faifan ya tsaya cak. Yakan yi minti ɗaya ko fiye yana juyawa shiru a cikin murfinsa bayan ƙarar tarakta ta ɗauke.