Dalilin da ya sa kare ke jan mai shi a kan hanya

Da sassafe a titunan Gwarinpa da ke Abuja ba ka rasa ganin mutum riƙe da igiya, ƙaton Alsatian ko Boerboel na gaba yana haki, har ka rasa wa ya fito da wa. Jama'a kan ce karen shugabanci yake nema. Ba haka ba ne.

Tafiyar mutum ba ta cika wuce kilomita 5 a awa ba, shi kuwa kare sassarfa ce tafiyarsa. Ga hanci: duk gindin bishiya da bakin kwata labari ne a wurinsa. Karen gadin da ya wuni a keji kuma da ƙarfin yini guda yake fitowa. Amma babban dalili shi ne jan yana biya masa buƙata. Ya ja, ka bi shi, ya isa inda yake so. Kai da kanka ka koya masa. In ka fizgo igiyar kuwa, jikinsa tirjewa yake yi ya ƙara dannawa gaba.

Saboda haka a daina biyansa. Nemi igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ba mai miƙewa tana naɗe kanta ba, domin ita kullum a ɗame take. Sa masa maɗaurin ƙirji mai zobe a gaba, wanda in ya ja zai juyo da shi gefe. Sarƙar da ke shaƙe wuya tana iya raunata maƙogwaro.

Da igiya ta ɗame, tsaya cak. Kada ka yi tsawa, kada ka ja. Da ya waiwayo igiyar ta saki, yaba masa, ba shi ɗan yankan dafaffen nama daidai gefen ƙafarka, sannan ku ci gaba. Kada ka ba shi tsire ko kilishi, domin ana sa musu albasa, ita kuwa guba ce ga kare. Fara a tsakar gida, minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana, kafin a fita titi inda akwai awaki da babura.

Inda aka fi ɓata aikin shi ne maigida ya tsaya, washegari maigadi ya fita da karen ya bar shi yana ja. Duk mai riƙe igiyar ya bi ƙa'ida ɗaya. A Maris da Afrilu kuma, taɓa kwalta da bayan hannu kafin ku fita. In ta ƙona ka, za ta ƙona tafin ƙafarsa.