Na bar aikin rakiya: abin da na koya tsakanin ofis da bakin ruwan Gurara

Ƙarshen watan jiya na bar kamfanin yawon buɗe ido da nake wa aikin jagora. Da yawa daga cikinku da muke haɗuwa a wurin ajiye motoci na magangarar ruwan Gurara ko a mahaɗar Akwanga kun kira ni kuna tambayar dalili, wasu kuma sun riga sun ji wani labari daban daga ofis. Zan faɗi nawa sau ɗaya a nan, musamman saboda ƙannenmu da suka shigo sana'ar kwanan nan, waɗanda har yanzu suke ɗauka cewa wahalar aikin ita ce tashin asuba da jiran wanda ya makara a Zuba.

Duk wanda ya ga rani ya ga damina yana kai mutane Gurara ya san cewa ruwa biyu ne a wuri ɗaya. Daga Janairu zuwa Maris ruwan yana janyewa, duwatsu su fito, a samu wuraren da ruwa ya kwanta garau a ƙasa, har mutum ya hau dutse ya sauka, ya yi iyo, ya shimfiɗa tabarma ya ci abinci. Da Agusta da Satumba kuwa, faɗin nan na kusan mita 200 yakan cika, ruwa ya riƙa zubowa daga tsayin kusan mita 30, launinsa kamar kunun kanwa, tun kafin ka sauka daga mota kana jin rugugi. Lokacin ya fi kyan kallo, ba musu. Amma na kallo ne kawai.

Abin da mutumin ofis ba ya so ya gane shi ne, ruwan da ke zubowa a Gurara ba ruwan saman da aka yi a Gurara ba ne. Kogin daga can sama yake tasowa, ta kudancin jihar Kaduna, inda ma aka yi madatsar da ake jawo ruwanta zuwa madatsar Usuma don shan mutanen Abuja. Ana iya tafka ruwa a can cikin dare, kai kuwa ka iso Bonu, ƙauyen da ke kusa da magangarar, da rana tsaka, sama tas babu ko gajimare, ruwan ya iso maka daga baya. Hasken rana a kanka ba ya gaya maka komai game da abin da ke tafe.

Shi ya sa tun farkon shigata aikin wani dattijo ɗan garin, mai kamun kifi, ya koya mini abin da ban taɓa bari ba. Da isowa, kafin a sauke ko kular abinci, in sauka ni kaɗai in kafa kara a daidai inda ruwa ya tsaya a kan yashi. In koma in tara mutane, in yi musu bayani, bayan kamar minti goma sha biyar in dawo in duba. Idan karan yana nan a bushe, to madalla. Idan ruwa ya taɓa gindinsa, a ja baya. Sannan in duba abin da ruwan ya ɗauko: sabon ganye kore, ƙirare, kumfa mai datti, duk alamar cewa an yi ruwa a sama ne.

To, ga abin da ya faru. A cikin Agustan bara kamfanin ya karɓi kuɗin wasu ma'aikata, cikin kosta guda, da za su yi fitar shaƙatawa. Hoton da aka saka a talla a Instagram ni na ɗauke shi da hannuna a watan Fabrairu, mutane cikin ruwa har ƙugu suna dariya. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa akwai hawan dutse da iyo. Tun ranar da na gani na shiga wurin Oga na ce masa, ranka ya daɗe, wannan alkawarin ba za mu iya cika shi a wannan watan ba, ko dai a canza rubutun ko a sanar da su tun yanzu. Ya ce mini in bar masa harkar talla, ni dai nawa in kai mutane in dawo da su.

Mun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na sauka na kafa karana. Ruwan ja ne, kuma yaran garin da suka saba tsalle daga kan dutse don a ba su na goro, ranar ko ɗaya bai cire riga ba. Baban nan mai kamun kifi yana zaune a gindin bishiya yana gyaran koma, na gaishe shi, bai jira na tambaya ba ya ce, "Yaro, yau ba ranar shiga ba ce." Da na koma na duba karan, ruwa ya haura gindinsa da kamar yatsa uku.

Na tara mutane na gaya musu gaskiya. Na ce za mu tsaya a sama mu yi kallo, a ɗauki hoto, a ci abinci, amma babu mai sauka kan duwatsun ƙasa, babu mai shiga ruwa. Mata da yawa sun ce ba komai, da ma su ba shiga za su yi ba. Shugaban tawagar ne ya tashi. Ya ciro waya ya nuna mini hoton nan nawa, ya ce wannan suka biya. Akwai wani faffaɗan dutse a gefe da ruwa bai rufe ba, ya ce ko nan ne a bar su su sauka su tsoma ƙafa. Na ce, Yallaɓai, ka yi haƙuri, dutsen nan ba zai daɗe a waje ba.

Sai ya kira Oga, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji. Ban manta kalma ɗaya ba. Oga bai tambaye ni yadda ruwan yake ba. Cewa ya yi, "Kai, ni kake wa aiki ko ruwa? Ka bar mutane su ji daɗin kuɗinsu." Na ce, Oga, ruwan yana hawa, na auna. Ya ce da me na auna. Na ce da kara. Aka fashe da dariya. Daga nan ya ba Yallaɓai haƙuri, ya ce yaron sabo ne, tsoro ke damunsa. A lokacin babu wanda ya kai ni daɗewa a kamfanin in ban da direba.

Na tsaya a bakin hanyar sauka, usur a wuyana, na ce duk wanda zai sauka sai dai ya ture ni. Babu wanda ya ture ni. Aka ci abinci cikin fushi, wasu ko kallona ba sa yi. Kafin mu gama haɗa kaya bayan azahar, dutsen nan da ake gardama a kansa ya nutse, ko samansa ba a gani. Wata Hajiya cikin tawagar ta matso kusa da ni ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ita kaɗai. Shugaban ya gani da idonsa, bai ce uffan ba har muka sauke shi a Abuja.

Ran Litinin Oga ya mayar musu da rabin kuɗinsu, ya yanke shi daga albashina na wata biyu. Ya rubuta musu takardar ban haƙuri, a ciki ya ce kuskuren jagora ne da bai fahimci tsarin tafiyar ba. Na nuna masa hotuna biyu na dutsen, ɗaya da safe ɗaya da rana. Ya ture wayar ya ce ai ba wanda ya mutu. Daga nan aka cire ni daga tafiyar ruwa, aka mayar da ni ɗaukar baƙi a filin jirgi, aka ba da wurina ga wani yaro da bai taɓa ganin Gurara da damina ba.

Maganar nan ta "ai ba wanda ya mutu" ita ce ta fi ci mini rai, kuma a kanta nake so ƙannena su tsaya. A sana'armu, ranar da ka yi aikinka daidai ba ka da abin nunawa. Mutane sun koma gida da ƙafarsu, shi ke nan. Mai zama a ofis abin da yake gani shi ne kuɗin da aka mayar da kuma ƙorafin da aka rubuta a shafin kamfani. Gawar da ba a ɗauko ba ba ta shiga littafin lissafi. Kuma da na bari sun sauka ruwa ya tafi da mutum ɗaya, na tabbata sunana ne zai fara fita daga bakin Oga, ni ne kuma zan kwana a ofishin 'yan sanda.

Na tuna masa abin da ya faru a magangarar ruwan Kintampo ta Ghana ranar 19 ga Maris, 2017. Hadari ya taso da iska, wata babbar bishiya ta faɗo kan masu wanka a ƙarƙashin ruwan, aƙalla mutum 18 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare da suka zo yawon buɗe ido. Aka rufe wurin na tsawon watanni. Su ma da safe lafiya lau suka baro gida, da kuɗinsu suka shiga. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Oga ya ce wannan Ghana ce. Ni dai tun daga lokacin da na ji labarin, da zarar iska ta fara kaɗa kan bishiyoyi nake fitar da mutane daga ruwa da kuma ƙarƙashin manyan rassa, ko da ɗigo ɗaya bai sauka ba.

Saboda haka shawarata ta farko ga duk wanda zai karɓi aiki a wani kamfani: kafin ka sa hannu, a rubuta a takarda cewa maganar shiga ruwa ko hana shiga, a bakin jagoran da ke wurin take ƙarewa. Wanda ya karɓi kuɗi ba zai iya yanke wannan hukuncin ba, domin shi zai yi asara idan aka fasa, kuma ba ya ganin launin ruwan daga kujerarsa. Idan suka ƙi rubutawa, sun riga sun gaya maka irin mutanen da suke. Sannan duk gargaɗin da za ka yi wa ofis, ka aika shi a rubuce ta WhatsApp. Maganar baka da na yi wa Oga tun kafin tafiyar, da aka zo rigima cewa ya yi bai san da ita ba.

Ka kuma karanta tallar da aka yi da sunan tafiyarka. Kai ne za ka tsaya gaban mutanen da aka yi wa alkawari.

Game da ruwan kansa, wanda ya fi ba ni tsoro ba wanda bai iya iyo ba ne, domin shi yakan tsaya a gefe. Wanda ya koyi ninƙaya a tafkin otal shi ne abin lura. Bai san cewa farin ruwan da ke gindin magangara cike yake da iska ba, ba ya ɗaga jiki yadda ruwa mai kwanciya ke yi, kuma juyawa yake yana mayar da mutum ƙarƙashin inda ruwan ke zuba. Bai san cewa ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da ƙato ba, ko cewa ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu biyu ruwa ya danne shi da fuska a inda bai kai ƙirji ba. Kuma mai nutsewa ba ya ihu. Shiru za ka ga kai yana sama yana ƙasa, baki a daidai saman ruwa. Shi ya sa idan mutanena suna cikin ruwa ba na riƙe wa kowa waya in ɗauke shi hoto, kowane ne shi.

A magangarar Farin Ruwa ta Wamba matsalar daban ce. Ruwan yana saukowa daga kusan mita 150, tafiyar ƙafa ce daga inda mota take tsayawa, kuma da damina hanyar motar ma sai a hankali. A can gajiya ce ke kayar da mutane. Sun ƙarar da ƙarfinsu wajen zuwa, sai a dawowa ƙafa ta fara rawa a kan dutse mai gansakuka. Ka sa mai rauni a gaba, kai ka riƙe baya, kuma ku juyo da sauran rana. Hawa ya fi sauka sauƙi, duk wanda ka bari ya haye wani dutse, ka tabbata ka san ta inda zai sauko.

Sauran gajeru ne. Silifas ba takalmin dutse ba ne, ka faɗa tun daren tafiya. Ka ƙirga mutane a mota, a bakin ruwa, bayan an fito, da kuma kafin direba ya tayar. Wanda ka ji warin giya a bakinsa ba ya shiga. Ka tambayi masu farfaɗiya, asma da hawan jini a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ruwan da ya kwanta a gefe da ciyayi, kada a bar yara su yi wasa a ciki saboda tsargiya. Ka san asibitin da ya fi kusa kafin ka buƙace shi, domin waya ba ko'ina take kamawa ba. Mutanen garin kuma, a Gurara ne ko magangarar Assop ko ta Matsirga, ka gaishe su da kyau, ka sallame su da kyau daga aljihun kamfani. Sun fi ka sanin ruwan, kuma su ne za su fara faɗawa idan wani ya tafi.

Kuɗin da aka yanke mini ban bi ba, amma ban ce na yafe ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da aka ba wurina, domin na ga tallar bana ta fito, da hoton nan dai na Fabrairu. Ƙanena, idan kana karanta wannan, ka buɗe buhun rigunan hana nutsewa da ke bayan ofis ka duba su ɗaya bayan ɗaya kafin tafiyar farko. Akwai waɗanda maɗaurinsu ya tsinke, na sanar tun bara ba a canza ba, kuma babu ta yara ko guda. Kada ka karɓi tafiyar makaranta sai an saya.