Ɗakunan da muka gina bayan ambaliyar 2022

A daminar 2022 kogin Haɗeja ya cika ya batse, ruwa ya shigo garinmu cikin dare. Ciyawar kachalla ta daɗe da toshe hanyoyinsa, ga kuma wanda ke gangarowa daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa, sai ya bi ta cikin gidaje. Ginin ƙasa ba ya jure kwanan ruwa. Gindin katanga ke fara jiƙa, can sai ka ji rim. Jama'a suka tare a firamare, iyali huɗu ko biyar a aji ɗaya, an raba tsakani da zannuwa da tabarmi.

Da lokacin komawa karatu ya matso, mai unguwa ya kafa kwamitin nemo musu matsuguni, aka ba ni rubutu tunda ni malamin makaranta ne. Na ɗauki littafi na bi aji-aji ina tambaya, "Ina maigida?" Duk magidancin da gidansa ya faɗi na rubuta shi, na koma ina ganin na gama.

Kashegari a bakin famfo wata tsohuwa ta riƙe hannun rigata.

"Malam, ni ba ka rubuta ni ba."

"Iya, ina gidanki yake?"

"Ɗana, ai ba ni da gidan da zai faɗi. Ɗakin aro nake ciki, shi ma ya tafi."

Jikina ya yi sanyi. Mai gida yana da filinsa, ruwa na janyewa zai kwaɓa ƙasa ya ɗaga ko ɗaki ɗaya ne. Zawarawa masu marayu, 'yan haya, tsofaffin da ke raɓe a gidan wani, su ne ba su da inda za su koma, kuma su littafina ya tsallake. Muka sake rubutun daga farko, wannan karon da ungozomar unguwa da wata malamar Islamiyya a gaba. Su suka san wace ce ke kwana da yunwa ba ta faɗa.

Wani dattijo ya ba da yankin gonarsa a kan tudu, kyauta, da baki. Na nace sai an rubuta wakafi ne, dagaci da liman da 'ya'yansa su sa hannu, sannan a kai ƙaramar hukuma, domin dokar filaye ta 1978 ita ta ba wa ikon takardar filin karkara. Wasu suka ce na nuna rashin yarda ga mai alheri, abin ya dame ni ƙwarai. Amma magada ba su ji alkawarin baki ba, takarda suke gani.

Ginin bai ba mu wuya ba: bulo sahu uku a ƙasa saboda danshi, tubali a sama, rufin kwano, matasa suka yi gayya. Mun so mu bar katanga da makewayi sai kuɗi sun samu. Matan suka ce ba za su tare a filin Allah ba, kowa na wucewa yana ganin tukunyarsu. Gaskiyarsu ce, da katangar ya kamata mu fara.

Inda har yau ban samu natsuwa ba shi ne wa'adi. Mun ce shekara ɗaya kowa ya tashi a ba wani, ba mu tambayi kanmu ya tashi zuwa ina ba. Daga baya muka sa haya 'yar kaɗan ana tara wa mazaunin ɗakin kamar adashi, ranar tashi a ba shi abinsa. Masu sana'a, mai ƙosai da mai ɗinki, sun kama haya a gari da kuɗin. Iya kuwa tana nan a ɗakin ƙarshe, da akuyarta ɗaure a gindin darbejiya, kuma ba wanda zai ce ta tashi. Wasu sunayen sun ƙaru a littafin, yanzu muna neman fili na biyu.