Dangwalen ranar Alhamis

Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara huɗu ina ɗibar jinin yara a wani binciken lafiya da muke yi. Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina.

Wata Alhamis ce, layi har bakin ƙofa. Oga ya leƙo ya ce in ba mu cika yara talatin kafin la'asar ba, kowa ya kuka da kansa. Wata baiwar Allah ta shigo da goyo. Takardar amincewa shafi uku ce, karanta ta da Hausa kan ci minti goma sha biyar. Sai na ce, "Inna, gwajin jini ne kawai." Na kama babban yatsanta na tsoma a tawada, na dangwala. Ba ta tambayi komai ba, har godiya ta yi mini.

Bayan kwana biyu maigidanta ya zo da kwafin takardar a ninke cikin aljihu, wani ɗan makaranta ya karanta masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da wayona fa a 1996."

Duk Bakano ya san abin da yake nufi. Shekarar annobar sanƙarau ce, da kamfanin Pfizer ya saka yara 200 a gwajin maganin Trovan, 11 suka rasu, iyaye suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Tabon nan yana cikin abin da ya sa jama'a suka guji rigakafin shan inna a 2003. Ni kuwa na haddace ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da na Helsinki na 1964, masu hana gwaji a kan mutum ba da yardarsa ba, na ci jarrabawa da su, ga shi na kasa haɗa ido da mutumin. Ya ce a cire ɗansa. A gabansa na zubar da jinin.

Oga ya ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu, don laifina ne. Maganar la'asar dai ba ta shiga takardar ba, bai kuma sake ambata ta ba.

Daga nan na koyi cewa umarnin baki a nemi a rubuta shi.

Tun daga ranar nake karanta shafi ukun nan kaf, in ce uwa ta maimaita mini da bakinta, in gaya mata ko ta ƙi za a duba ɗanta. Shekara uku ni ne na ƙarshe a yawan yara, ƙarin girma ya wuce ni sau biyu. Wanda zai gaje ni, na bar masa takardar amincewar a rubuce da ajami cikin durowar hagu.