Asabar: yau ƙafafun suka juya

Wata huɗu ke nan ina fama da wannan ɗan kan jirgin ƙasa da nake ƙerawa, sai yau ya yi tafiyar taku ɗaya a kan teburina.

Samfurin da nake kwaikwayo shi ne irin masu kwal da reluwe ta sayo daga kamfanin Vulcan na Ingila a 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna: ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu jan jirgin, biyu a baya. Faɗin tsohon layin dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, don haka na rage komai sau 64, ya zo kusan daidai da ɗan layin milimita 16.5 da ake sayarwa. Tukunyar da guntun bututun tagulla na yi ta, ɗakin direba kuma gwangwanin madara ne na buɗe na daddale.

Tun bayan asuba na zauna. Na ɗaura sandunan da ke haɗa ƙafafun, na tura, ya cije. Na kwance, na goga da magagari, na mayar, ya sake cijewa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ƙarfen narka dalma ya huce, ni ma raina ya ɓaci.

Da la'asar Kawu ya shigo. Shi ne ya yi shekaru yana zuba kwal tsakanin Zariya da Kano, kuma bai cika kula abin nan nawa ba, wasan yara yake ce masa. Ya ɗauka ya juya shi a tafin hannu, ya kanne ido ɗaya.

"Kai, wa ya ce maka dama da hagu tare suke tafiya?"

Ashe nan na yi kwaɓa. A jirgin gaske gefe ɗaya yana gaba da ɗayan da rubu'in zagaye, domin idan sandar wannan gefe ta miƙe ba ta da ƙarfin turawa, ta wancan tana kan ganiyarta. Ni kuwa na jera su kai ɗaya kamar sahun salla. Na zare ƙafafun gefe guda, na murɗa kowace, ina aunawa da ɗan kwalin da na yanka. Ta ukun ce ta fi ba ni wuya. Bayan magariba na tura da ɗan yatsa, sai ga shi ya zarce sumul, sanduna na hawa da sauka.

Na ɗauka zai yaba. Ina! Fentin ya duba ya ce, "Wannan ai amarya ce. Namu toka ce har cikin kunne, ga baƙin mai yana bin sanduna, ga farin tabo inda ruwa ke ɗiga."

Na ce, "To Kawu, gobe ku zo ku nuna mini inda dattin yake zama."

Bai amsa ba, amma da zai fita na ji yana tambayar Hajiya ko akwai sauran gawayi a madafa.